Wa ya tsaya maka? Yadda ake samun aikin gwamnati a farkon tarihin Amurka

Tambaya: Duk lokacin da hira ta kai ga yadda ake samun aikin gwamnati da takardar sanata ko sa bakin wani babba, sai wani ya ce ai a Amurka ba a san wannan ba, cancanta ce kaɗai ke aiki. Shin tun da aka kafa ƙasar haka suke, ko su ma sun yi zamanin "wa ka sani"?

Amsa: Malam, sun yi, kuma sun jima a cikinsa. Daga 1789 da George Washington ya hau mulki har zuwa 1883, kusan shekara ɗari ke nan, mai neman aiki a gwamnatin tarayyar Amurka ba jarrabawar gasa yake shirya wa ba, wanda zai tsaya masa yake nema. Sai dai kada ka ɗauki wasiƙar babban mutum a wancan zamani a matsayin ƙofar baya da ake bi a ɓoye. Ita ce ƙofar gaba, kuma babu wata. Wasiƙun ma ba a ɓoye su: ma'aikatar harkokin waje ta riƙa tara su a fayil, shugaba bayan shugaba, har yau suna nan a gidan adana kayan tarihi na ƙasar ga mai son karantawa. Abin da ya yi ta canzawa cikin waɗannan shekaru shi ne abin da mai wasiƙar yake ba da shaida a kai, da kuma abin da zai rasa in yaronsa ya ci amana.

Mu fara da abin da suka gada. Lokacin da ƙasar take hannun Ingila, manyan muƙamai daga Landan ake raba su, ga wanda yake da ubangida a fada ko a majalisa. Wani ma ƙafarsa ba ta taka Amurka: yana zaune a Ingila yana karɓar kuɗin kujerar, ya ɗauki wani ya riƙe masa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Massachusetts, Thomas Hutchinson ya taɓa haɗa kujerar mataimakin gwamna da ta babban alƙali da wasu a hannunsa lokaci guda, surukansa na gidan Oliver kuma suna riƙe da nasu. Abin ya ci wa mutane tuwo a ƙwarya har ya shiga takardar ayyana 'yanci ta 1776, inda suka zargi sarkin Ingila da ƙirƙiro ofisoshi barkatai yana turo musu jami'ai suna cinye dukiyarsu. Amma masu ƙorafin su ma ba su tsira daga halin ba. Benjamin Franklin, da harkar gidan waya ta shiga hannunsa, ya ba ɗansa William aiki, ya sa ɗan'uwansa John a gidan wayar Boston, wani ɗan'uwan, Peter, a Philadelphia. Da ya tafi Faransa a 1776, mijin 'yarsa Richard Bache ne ya gaji kujerar.

Masu rubuta tsarin mulkin 1787 sun toshe kafa ɗaya: ɗan majalisa ba zai riƙe muƙamin gwamnati yana kan kujerarsa ba, domin da irin wannan ne fada ke sayen 'yan majalisa a Landan. Sannan suka raba ikon naɗi gida biyu, shugaban ƙasa ya gabatar, majalisar dattawa ta amince, ƙananan ma'aikata kuma ana iya barin shugabannin ma'aikatu su ɗauka. Yadda za a gane wanda ya cancanta, ba su ce uffan ba. Wa ke da ikon sallama, shi ma ba su rubuta ba, sai da majalisar farko ta yi ta muhawara a 1789. Ɗan majalisar wakilai James Madison ya tsaya kan cewa ikon shugaban ƙasa ne, aka yi kunnen doki a majalisar dattawa, mataimakin shugaba John Adams ya raba gardama da ƙuri'arsa. Duk korar ma'aikatan da za ka ji a gaba, a kan wannan hukunci ta jingina.

Yanzu dubi halin da Washington ya samu kansa a ciki a New York, wadda ita ce fadar gwamnati a lokacin. Dokar kwastan ta 1789 ta yanka ƙasar gunduma 59, kowace tana buƙatar mai karɓar haraji, manyan tasoshin jiragen ruwa kuma da ƙarin jami'ai. Ga alƙalai, ga lauyoyin gwamnati, ga masu zartar da umarnin kotu a kowace jiha. Wasiƙa daga Savannah tana yin makonni kafin ta iso. Yawancin masu nema bai taɓa sa su a ido ba, kuma babu takardar makaranta da za ta gaya masa ko mutum yana da riƙon amana. Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Harajin kayan da ake shigowa da su shi ne kusan duk abin da gwamnati ke samu, kuma a hannun mai karɓar harajin kuɗin suke kwana, nesa da idon baitulmali, yana cire la'adarsa daga ciki. To da me za ka auna mutumin da ba ka sani ba, in ba da bakin wanda ka sani ba?

In ka karanta goma daga cikin wasiƙun, kamar ka karanta ɗari ne. Mai nema ya rubuta da kansa cikin ƙanƙan da kai, ya ce ya yi yaƙin 'yanci a ƙarƙashin janar wane, dukiyarsa ta salwanta a yaƙin, ga iyali da yawa. Sai ya haɗa da wasiƙar sanata ko gwamna ko tsohon kwamandansa, wani lokaci har da takardar da attajiran garin suka sa wa hannu, duk suna shaidar cewa mutumin kirki ne, ba mashayi ba ne, ana ganin girmansa a garinsu. Wannan na ƙarshen shi Washington ya fi dubawa. Gwamnatin sabuwa ce, mutane da yawa ba su yarda da ita ba, saboda haka yana son wanda in ya zauna a ofishin kwastan, mutuncinsa zai rufa wa gwamnati asiri. Shi ya sa ya ba Janar Benjamin Lincoln Boston, mutumin da ya karɓi takobin miƙa wuyar sojojin Ingila a Yorktown, ya ba Otho Williams Baltimore, ya ba John Lamb New York, dukkansu hafsoshin yaƙin. Yana kuma kula da rabon jihohi don kada a ce Virginia ta kwashe komai: alƙalai shida na farko na kotun ƙoli daga jihohi shida dabam-dabam ya ɗauko su.

A kan dangi kam ya yi taka-tsantsan. Ɗan ƙanensa, Bushrod Washington, matashin lauya, ya nemi kujerar lauyan gwamnati na Virginia a 1789. Baffan ya amsa masa cewa akwai lauyoyin da suka girme shi a aiki a jihar, kuma idanun jama'a duk suna kansa, duk wata alamar son kai ga ɗan'uwa ko aboki ba za a bar ta ta wuce ba. Bushrod bai samu ba, sai a 1798 John Adams ya kai shi kotun ƙoli.

Abin da ya sa tsarin ya yi aiki gwargwado a waɗannan shekaru, a ganina, shi ne shaida tana da tsada. Manyan kowace jiha 'yan kaɗan ne, sun san juna, suna auratayya. Wanda ya tsaya wa ɓarawo, gobe wasiƙarsa ba ta da daraja, kuma wannan babbar asara ce ga mutumin da sunansa ne jarinsa. Ban da haka, doka ta wajabta wa mai riƙe kuɗin gwamnati ya kawo masu tsaya masa da dukiyarsu, su sa hannu cewa in an samu giɓi za su biya. Shi kansa mai kujerar abin da yaransa suka yi a wuyansa yake. John Lamb ya ɗanɗana kuɗarsa: wani ma'aikacinsa ya yi sama da faɗi da kuɗin kwastan, Lamb ya bar aiki a 1797, ya sayar da filayensa ya biya, ya rasu a 1800 cikin talauci. Ba wai zamanin ba shi da masu dogon hannu ba ne. William Duer, abokin sakataren baitulmali Alexander Hamilton kuma mataimakinsa na farko, ya nutse cikin cacar takardun bashin gwamnati da hannun jari, gwamnati ta kai shi kotu a 1792 kan kuɗi sama da dala 200,000 da ya kasa bayaninsu, ya ƙare rayuwarsa ɗaurarre saboda bashi.

Tun a watan Agustan 1789 sanatoci suka nuna cewa su ma suna da kaso. Washington ya gabatar da Benjamin Fishbourn, tsohon soja, a wani muƙamin kwastan na Savannah. Shi da Sanata James Gunn na Georgia ba sa ga-maciji saboda wata tsohuwar rigima, sai sauran sanatoci suka bi bayan abokin aikinsu, suka yi watsi da sunan ba tare da an tabbatar da wani laifi ba. Ran Washington ya ɓaci, ya aika musu da takarda yana lissafa shaidun da ya dogara da su, yana cewa da sun nemi jin dalilinsa kafin su yanke. Amma ya haƙura ya kawo wani sunan, Lachlan McIntosh. Daga nan al'adar ta kafu, ba a naɗa mutum muƙamin tarayya a jiha in sanatan jihar ya ce a'a. A aikace wannan ya mayar da sanata mai rabon ayyukan jiharsa, domin wanda yake iya hanawa shi ake fara tambaya.

Labarin da na fi so mutane su riƙe daga wannan zamani na wata mata ne, Mary Katherine Goddard. Tun 1775 take riƙe da gidan wayar Baltimore, duk tsawon yaƙi, wani lokaci daga aljihunta take biyan masu kai wasiƙu. Ita ce ta buga takardar 'yanci ta farko mai ɗauke da sunayen waɗanda suka sa hannu, a Janairun 1777. A 1789 sabon shugaban gidajen waya, Samuel Osgood, ya cire ta ya sa wani namiji, John White, da hujjar cewa aikin zai buƙaci tafiye-tafiyen da mace ba za ta iya ba. Mutanen Baltimore sama da 200, galibi 'yan kasuwa, suka sa hannu a takardar neman a mayar da ita. Ta rubuta wa Washington, ya amsa cewa ba ya tsoma baki a naɗin da ba nasa ba ne. Ta kai kuka majalisar dattawa, ba a yi komai a kai ba. Shekara 14 tana aiki, ga shaidar gari guda, amma duk ba su kai nauyin ra'ayin mutum ɗaya mai ikon naɗi ba. Baƙar fata kuwa, ko da ɗa ne ba bawa ba, dokar 1802 ta hana shi ko ɗaukar jakar wasiƙu. Saboda haka in ka ji ana yabon zamanin Washington da cewa na cancanta ne, to cancantar a cikin 'yar ƙaramar da'ira ake auna ta, ta fararen maza masu gida da suna.

Sai jam'iyyu suka ɓullo, wasiƙun suka sami ƙarin layi. Tun 1791 Thomas Jefferson, yana sakataren harkokin waje, ya ba Philip Freneau aikin fassara a ma'aikatarsa kan dala 250 a shekara, aikin da ba ya cin lokaci, shi kuma Freneau ya kafa jaridar da ke caccakar Hamilton. A ɗaya ɓangaren Hamilton yana raya jaridar John Fenno da kwangilar ɗab'i ta baitulmali. A 1795 Washington da kansa ya rubuta cewa ba zai ba da babban muƙami ga wanda ra'ayinsa ya saɓa wa manufofin gwamnati ba, domin yin haka kashe kai ne a siyasance. John Adams, da ya gaji Washington a mulki, ya ƙara gaba. Ya sallami wasu jami'ai saboda adawa. Ya tura ɗansa John Quincy jakada a Prussia, ko da yake shi kam ya cancanta, Washington ne ma ya fara ba shi jakadanci. Ya nema wa mijin 'yarsa William Smith babban muƙamin soja, majalisar dattawa ta ƙi, daga baya ya sama masa gurbi a kwastan ɗin New York. Da ya faɗi zaɓen 1800, ya shafe makonninsa na ƙarshe yana cike kujerun alƙalai da 'yan jam'iyyarsa ta Federalist. Ɗaya daga cikinsu, William Marbury, takardar naɗinsa ba ta isa hannunsa ba kafin mulki ya canza, kuma ƙarar da ya shigar ita ta haifi hukuncin 1803 da kotun ƙoli ta fara soke wani sashe na dokar majalisa da shi. Wato shari'ar da ɗaliban lauya ke haddacewa, asalinta rigimar takardar kama aiki ce.

Jefferson ya hau a Maris 1801 ya tarar kusan kowace kujera ɗan Federalist ne a kai, magoya bayansa kuma sun cika ƙofa. A New Haven ya cire Elizur Goodrich, wanda Adams ya naɗa shugaban kwastan dab da saukarsa, ya sa Samuel Bishop, dattijo mai shekara 77, alhali kowa ya san ɗansa Abraham, mai kaifin baki a taron jam'iyya, shi ake saka wa. 'Yan kasuwar garin suka rubuto ƙorafi. Amsar da ya ba su a Yulin 1801, ban san wani shugaba da ya fi shi fitowa fili kan lamarin ba. Ya ce in jam'iyyar da ta ci zaɓe tana da haƙƙin a dama da ita, ta ina guraben za su fito? Masu mutuwa kaɗan ne, masu murabus babu. Ya yi alkawarin cewa in rabon ya daidaita zai koma ga tambayoyi uku kawai game da mai nema: yana da gaskiya, ya iya aikin, yana biyayya ga tsarin mulki? Kafin nan dai ya sallami sama da mutum ɗari daga cikin waɗanda shugaba ke naɗawa. Sakatarensa Meriwether Lewis kuma ya bi jerin sunayen hafsoshin soja yana sa wa kowa alama, wane gwani ne, wane ɗan adawa ne, kafin a rage sojojin a 1802.

Hanawa ma tana da nata farashin. James Callender, ɗan jaridar da Jefferson ke tallafa wa da kuɗi, wanda aka ɗaure saboda zagin Adams, ya nemi a ba shi gidan wayar Richmond. Aka hana shi. A 1802 shi ne ya buga a jarida cewa Jefferson yana da 'ya'ya da baiwarsa Sally Hemings. Daga baya Jefferson ya koka cewa kowane naɗi yana samar masa butulu ɗaya da maƙiya ɗari.

Amma ainihin makarantar wannan sana'a a jihohi take. A New York wani kwamiti ne na gwamna da sanatocin jiha huɗu ke naɗa kusan kowa, daga magajin gari har mai gwanjo, kuma kafin tsarin mulkin jihar na 1821 ya rushe shi, kujerun da ke hannunsa sun kusa 15,000, na farar hula da na dakarun jiha. Duk ɓangaren da ya kama kwamitin sai ya share na baya. A nan Martin Van Buren, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya koyi cewa da ƙananan muƙamai ake gina jam'iyyar da 'ya'yanta ke jin magana. A tarayya kuma, dokar 1820 da sakataren baitulmali William Crawford ya tura ta yanka wa masu riƙe kuɗin gwamnati wa'adin shekara huɗu. Hujjar ita ce a riƙa duba littattafansu, amma sakamakon shi ne duk shekara huɗu kujerun su zama fanko ba tare da an kori kowa ba. Jefferson da Madison, suna gida sun yi ritaya, duk sun soki dokar. John Quincy Adams, da ya zama shugaban ƙasa, ya ƙi cin moriyarta: mutum 12 kacal ya sallama cikin shekara huɗu, ya bar shugaban gidajen waya John McLean a kujerarsa alhali mutanensa na gaya masa abokin hamayyarsa Andrew Jackson yake wa aiki. Adams ya faɗi zaɓen 1828 a hannun Jackson, McLean kuma Jackson ya ba shi kujerar kotun ƙoli.

Andrew Jackson shi ake ɗora wa laifin duka, kuma ina ganin ba a yi masa cikakken adalci ba. Alƙaluman da aka fitar a lokacinsa sun nuna mutum 919 aka sallama cikin ma'aikata 10,093 a shekara ɗaya da rabi ta farko. A shekara takwas ɗinsa, masana suna sa adadin tsakanin ɗaya cikin goma da ɗaya cikin biyar. Sabon abin da ya kawo shi ne ya mayar da canjin ma'aikata aƙida. A saƙonsa ga majalisa a Disamban 1829 ya ce ayyukan gwamnati masu sauƙi ne, ko ana iya sauƙaƙa su yadda duk mai hankali zai koya, kuma wanda ya daɗe a kujera yakan fara ɗaukarta mallakinsa. Yana da hujja. Akawu sun tsufa a ofis, wasu suna shirin 'ya'yansu su gaje su, kuma binciken farko ya kama Tobias Watkins, ɗaya daga cikin masu binciken kuɗi na baitulmali kuma mutumin Adams, da cin dubban daloli. Ga ɗan manomin Ohio ko Tennessee da ba shi da janar ko alƙali a danginsa, jam'iyya hanya ce da zai iya bi da ƙafarsa: ya tara masu zaɓe, ya rarraba jarida, shugaban jam'iyya na gunduma ya rubuta masa wasiƙa. A Janairun 1832 Sanata William Marcy na New York ya faɗi abin ba ɓoye-ɓoye a zauren majalisa, cewa 'yan siyasar jiharsu ba sa ganin aibu a ce ganimar abokin gaba ta wanda ya ci yaƙi ce.

Inda abin ya lalace shi ne shaida ta daina tsada. Gidajen waya da suke 75 a farkon mulkin Washington sun haura 8,000 a 1830. Babu shugaban da zai san masu rubuto masa, balle waɗanda suke rubutu a kansu. Wasiƙa ta koma lissafin hidimar zaɓe, kuma wanda ya kawo ɓarawo ba ya rasa komai muddin gundumarsa tana kawo ƙuri'a. Jackson ya ba Samuel Swartwout kwastan ɗin New York, inda kaso mafi tsoka na kuɗin ƙasar ke shigowa, duk da Van Buren ya gargaɗe shi a rubuce. Da wa'adinsa ya ƙare a 1838 ya shiga jirgi sai Ingila, aka lissafa giɓin ya haura dala miliyan 1.2. Jesse Hoyt, wanda Van Buren ya zaɓa da kansa ya gaje shi, shi ma da giɓi ya fita. Sannan ga al'adar yankar wani kaso na albashin ma'aikaci a zuba wa jam'iyya, wanda ya ƙi kuma ya san makomarsa. Ma'aikacin gwamnati ya koma kamar ɗan haya a kan kujerarsa, jam'iyya ce mai gida.

'Yan jam'iyyar adawa ta Whig da suka yi ta zagin Jackson, da suka ci zaɓen 1840 sai suka yi abin da ya fi nasa. Shugaban da suka kafa, William Henry Harrison, masu neman aiki sun hana shi sakat a wata ɗayan da ya yi kafin ya rasu. Abraham Lincoln kuwa ya ga tsarin ta kowace fuska. A 1833 gwamnatin Jackson ta ba shi gidan wayar ƙauyen New Salem duk da ba ɗan jam'iyyarsu ba ne, shi da kansa ya ce kujerar ta yi ƙanƙanta da a damu da siyasarsa. A 1849 ya tara wasiƙu ya nemi shugabancin ofishin filaye na tarayya, ya sha kaye. Da ya hau mulki a 1861 ya canza kusan tara cikin goma na waɗanda shugaba ke naɗawa, abin da Jackson bai ko kusanta ba.

Sai da jini ya zuba aka taɓa tsarin. Charles Guiteau, mai taɓin hankali da ya yi imani cewa wani jawabi da ya rubuta ne ya ci wa James Garfield zaɓe, ya yi ta zarya yana neman a ba shi ƙaramin jakada a Paris, aka ƙi. Ranar 2 ga Yuli 1881 ya harbi shugaban a tashar jirgin ƙasa ta Washington, Garfield ya rasu a Satumba. Wanda ya gaje shi, Chester Arthur, tsohon shugaban kwastan ɗin New York ne da aka cire a 1878 saboda ofishin ya zama sansanin jam'iyya, kuma shi ne ya sa hannu a dokar Pendleton a Janairun 1883, wadda ta kawo jarrabawar gasa ta kuma hana tilasta wa ma'aikaci biyan jam'iyya. 'Yan jam'iyyarsa ta Republican da yawa sun goyi baya ne bayan sun sha kaye a zaɓen majalisa na 1882, suna hangen yadda za su kare mutanensu kafin mulki ya kuɓuce. Dokar ta fara da kusan kashi 10 cikin ɗari na ma'aikata kawai, amma ta ba shugaba ikon faɗaɗa ta. Sai shugabanni suka gano amfaninta: ka cika ofis da mutanenka, dab da sauka ka sa ofishin ƙarƙashin dokar, wanda ya gaje ka ko ya kore su ba zai iya cike gurbin da nasa ba sai ta jarrabawa. Grover Cleveland ya yi, Benjamin Harrison ya yi, da haka aka kai kusan rabin ma'aikata a farkon ƙarni na 20. Shugabannin gidajen waya kuwa sun ci gaba da zama rabon 'yan majalisa har zuwa gyaran 1970, kuma har yau duk sabon shugaban Amurka yana da kujeru wajen 4,000 da yake rabawa da hannunsa.